Tukwane biyu da igiya ɗaya

Mu mutanen Adar ba mu da teku, amma muna da masu shiga inda numfashi ke ƙaranci. Daga Azarori zuwa Buza da Keita, kowane gari ya san maginin rijiyarsa da mai yasarta. Saboda su ne na tsaya nazarin kayan masu nutso a teku, abin da a zahiri bai shafi malamin Faransanci da Hausa ba.

A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques-Yves Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke rage ƙarfin iskar da aka matse cikin tukunyar ƙarfe, ta miƙa ta ga bakin mutum gwargwadon jan numfashinsa. Yau masu nisa cikin ruwa, ko da don nishaɗi, sukan goya tukwane biyu. Tukunya mai lita 12 da aka cika da matsi ninki 200 na iskar duniya tana riƙe da lita 2,400, biyu ke nan 4,800. Sai dai ruwa mai cin rabo ne: a zurfin mita 10 kowane numfashi yana cin ninki biyu, a mita 30 ninki huɗu.

Yadda ake haɗa su ne ya fi jan hankalina. Ana ɗaure tukwanen da ɗamarar ƙarfe biyu, a haɗa bakunansu da bututu mai makunni a tsakiya. Kowace tukunya da nata abin shaƙa, ɗayan da doguwar mesa ta wajen mita 2 don a miƙa wa abokin tafiya in tasa ta ƙare. In gefe ɗaya ya fara yoyo, mai nutso ya kai hannu bayan ƙeya ya rufe makunnin, ya tsira da rabin iskarsa. Sukan yi ta maimaita wannan har hannu ya saba. Masu shiga kogon ruwa ma kashi uku suke yi wa iskar: na tafiya, na dawowa, da na ko-ta-kwana. Ashe duk tsarin an gina shi ne bisa yarda cewa wani abu zai lalace.

Maginin rijiyarmu shi ma yana da nasa tanadi: igiya a ƙugu, amintacce a bakin rijiya, da fitilar da ake zurawa kafin a sauka. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta numfasuwa. Dabara ce mai kyau, kuma kimiyya ta gaskata ta.

Matsalar ita ce injin jan ruwa, wanda noman albasa ya yawaita a ƙasar Madawa. In aka kunna shi cikin rijiya ko dab da bakinta, hayaƙinsa na ɗauke da guba marar launi marar wari, kuma fitila na ci gaba da ci a cikinta lafiya lau. Gwajin kakanni ba ya ganinta. Mutum ya ji jiri ya faɗi, ɗan'uwansa ya diro ceto ba igiya, a wayi gari da gawa biyu.

Ina ganin wannan darasi ne da ya cancanci shiga aji da tarukan ƙungiyoyinmu, cikin Hausa, tun kafin rani ya kama: inji ya tsaya a sama, hayaƙinsa ya ba rijiya baya, kuma a tanadi igiya ta biyu a gefe, ta wanda zai sauka ceto.