Ruwan Zubaida da Sarƙar Wuyana



Shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali, ranar Arfa zafi ya kai zafi. Muna zaune kusa da Dutsen Rahama, sai idona ya faɗa kan wani tsohon ginin duwatsu da ya bi gindin dutsen kamar katanga. Na tambayi malamin da ke mana jagora, ya ce tsohuwar hanyar ruwa ce, kuma mace ce ta gina ta. Na ce, "Mace, Malam?" Ya ce, "Mace kuwa, Hajiya, sunanta Zubaida." Gaskiya a lokacin ban ba maganar muhimmanci ba. Da muka koma Makka, abin da ke raina shi ne sarƙar gwal da na daɗe ina tara wa kuɗi, kuma na saye ta.

Sai bayan na dawo gida na nemi labarinta. Ashe jikar Halifa Mansur ce, wanda ya kafa birnin Bagadaza a shekarar 762, kuma matar Halifa Haruna Rashid, wanda ya mulki daular Abbasiyya daga 786 zuwa 809. Sunanta na yanka Amatul Aziz, kakanta ne ya yi mata laƙabi da Zubaida tun tana ƙarama. Malaman tarihi sun ce tana da kuyangi ɗari mahaddata Alƙur'ani, idan suna karatu sai a ji gidan kamar amsa-kuwwar ƙudan zuma.

Da ta je aikin Hajji ta ga yadda ƙishirwa ke galabaitar da alhazai, sai ta sa a janyo ruwa daga kwarurrukan Hunaini da Nu'uman, ta cikin duwatsu, zuwa Makka da Arfa. An faɗa mata aikin zai lashe dukiya mai yawa, ta ce a yi, ko da kowane saran diga zai ci dinari guda. Ta kuma kashe kuɗi kan hanyar alhazai daga Kufa ta ƙasar Iraƙi zuwa Makka, tafiyar kusan kilomita 1,400, aka haƙa rijiyoyi da tafkuna, aka gina masaukai. Har yau da sunanta ake kiran hanyar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshenta. Ɗanta Amin ya zama halifa, amma a shekarar 813 aka kashe shi a yaƙin da suka yi da ɗan ubansa Ma'amun. Mulkin da ta so wa ɗanta bai kai shekara biyar ba. Ita kuma ta rasu a 831. Ruwan nan kuwa ya shayar da mutane fiye da shekara dubu. Da ya lalace a zamanin daular Usmaniyya ta Turkiyya, wata macen ce, Mihrima 'yar Sarki Sulaiman, ta ɗauki nauyin gyaransa.

A unguwarmu burtsatsen makarantar Islamiyya ya fi shekara da lalacewa. Kullum ina ganin 'yan mata da bokitai a kai, lokacin da ya kamata suna aji. Ni dai ina saye wurin 'yan ga-ruwa, don haka abin bai taɓa hana ni barci ba, sai da na karanta labarin Zubaida.

Na kai maganar gaban matan adashinmu, kowa ta ba da abin da ya sauwaƙa, amma kuɗin bai kai rabi ba. Da izinin Maigida na sayar da sarƙar. Abin bai zo da sauƙi ba, domin na riga na yi wa 'yata alkawarin ita za ta sa ranar aurenta. Ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure. Na ba ta haƙuri, na faɗa mata dalilina, kuma har yanzu ina jin nauyin alkawarin nan.

Yanzu da asuba ina jin ƙarar bokitai a bakin famfon, kafin ƙarfe takwas wurin ya watse, yara sun tafi makaranta. 'Yar uwa, ba ni ce zan faɗa miki abin da za ki yi da kayanki ba. Ki dai leƙa unguwarku ki ga abin da ya lalace.

Allah Ya jiƙan Zubaida, Ya karɓi ɗan abin da muka yi, amin.