Hasumiyar Fitila ta Jamestown

Duk wanda ya bi titin bakin teku a Ankara ya nufi Jamestown, tun daga nesa zai hango wata doguwar hasumiya mai zanen ja da fari. Da yawa daga cikinmu mun sha wuce ta a cikin tiroro ba tare da mun tambayi dalilin gina ta ba, alhali kuwa tarihinta ya shafe mu.

Turawan Ingila ne suka fara kafa fitila a wannan wuri a 1871, kusa da ganuwar James Fort wadda suka gina tun 1673. Bayan an ɗauke hedkwatar mulki daga Cape Coast an kawo ta Ankara a 1877, sai jiragen ruwa suka yawaita. A cikin shekarun 1930 aka maye gurbin ta farko da wadda muke gani yau. Tsawonta mita 28 ne, ana kuma hango haskenta daga nisan wajen kilomita 30 a cikin teku.

Babu abin da aka yi don ado kawai. An yi ta doguwa domin duniya a dunƙule take, iya tsawon fitila iya nisan da za a gan ta. Zanen ja da fari don rana ne, lokacin da haske ba ya aiki, matuƙi ya bambanta ta da sauran gine-gine. Da dare kuwa kowace irin wannan hasumiya tana da nata salon walƙiya, da shi matuƙi ke sanin gaɓar da ya iso. A ciki akwai matakala mai murɗawa har sama, inda ake ganin kwale-kwalen masunta Ankarawa jere a kan yashi.

To, ina ruwanmu da ita? A wancan zamani Ankara ba ta da tasha mai zurfi. Jirgi yakan tsaya can nesa, ƙarti su tuƙa kwale-kwale su keta igiyar ruwa su yi jigilar kaya da mutane. Tun ƙarshen ƙarni na 19 fataken goro suka fara barin doguwar hanyar ƙasa ta Salaga, suna loda huhunan goro a jirgi zuwa Ikko, daga baya jirgin ƙasa ya riƙa ƙarasawa da shi Kano. Kakanninmu na Zongo Lane da Sabon Zango suna cikin waɗanda suka ci abinci a wannan gaɓa. Sai da aka buɗe tashar Tema a 1962 wannan ciniki ya bar Jamestown.

Yau jirage na da na'urar tauraron ɗan Adam mai nuna musu hanya, kuma iskar gishiri ba ta raga wa gini. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Muna kira ga malaman makarantunmu na zango su kai yara su ga hasumiyar da James Fort, inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Yaron da ya ga inda kakansa ya yi gumi ba zai yarda a kira shi baƙo a garin nan ba.