Aron sabis tsakanin kamfanonin waya: wa ya amfana, wa aka bari a baya?

Tun da hukumar NCC ta amince da yarjejeniyar shekara uku tsakanin MTN da 9mobile a 2025 nake ganin murna a nan Facebook, wasu har suna cewa matsalar sabis ta zo ƙarshe. Mataki ne mai kyau, ba na musu. Amma akwai abin da nake so mu duba tare.

Ga yadda abin yake. Idan layinka na 9mobile ne, wanda yanzu ya koma T2, ka je inda kamfanin ba shi da ƙarfen sabis, wayarka za ta hau kan ƙarfen MTN. Lambarka ba ta canzawa, kuma kamfaninka ne zai ciri kuɗinsa daga katinka. Su kamfanonin biyu daga baya suke lissafi a tsakaninsu. Wannan shi ake kira romin na cikin gida. An fara gwada shi a jihar Ondo tun 2020.

Duk wanda ya riƙe layin nan tun yana Etisalat ya san darajar wannan. Kamfanin da ya taɓa tara masu layi sama da miliyan 20 ya dawo ƙasa da miliyan 4. Mutane da yawa sun ƙi yar da layin ne kawai saboda shi banki ya sani, shi 'yan uwa da abokan ciniki suka sani. Su kam an share musu hawaye.

To amma kayan aro ba ya rufe katara. Yarjejeniyar nan raba sabis ɗin da ake da shi ta yi, ba ta kafa ko ƙarfe ɗaya sabo ba. Garin da MTN bai kai ba, 9mobile bai kai ba, yau ma yana nan yadda yake jiya.

Aikina na gwamnati yana yawan kai ni ƙananan hukumomi, kuma layi uku nake yawo da su a waya biyu. Duk da haka akwai garuruwan da dukansu suke ɗaukewa. Na ga ma'aikacin asibitin ƙauye da sai ya hau babur zuwa bakin titi kafin ya tura rahoton wata. Na ga mai POS yana ɗaga na'urarsa sama, mutane sun yi layi suna jira. Wannan ma mai sauƙi ne. Ku tuna mace mai naƙuda da tsakar dare, ko garin da 'yan bindiga suka nufo, ana neman wanda za a kira, waya na hannu amma babu sabis. Waɗanda suka ga rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 sun ɗanɗana wannan na 'yan makonni. Wasu garuruwan haka suke tun da aka kawo GSM a 2001.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfen sabis yana cin dizal, yana buƙatar maigadi da mai gyara da hanyar da mota za ta bi. Kamfani ɗan kasuwa ne, inda kati ba zai mayar da kuɗin dizal ba, ba zai je ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne, idan ƙaramin kamfani ya samu aro cikin sauƙi, me zai sa ya kashe kuɗi ya kafa nasa? Sai kowa ya taru a kan ƙarfe ɗaya. Ranar da injinsa ya tsaya ko masu aikin titi suka yanke waya, gari duka ya yi shiru.

Inda nake ganin takardar yarjejeniya za ta iya ƙara sabis da gaske shi ne bakin iyaka. A yankunan Jibiya da Illela da Maigatari akwai ƙauyukan da sabis ɗin Nijar ya fi namu ƙarfi, amma idan layinka na Najeriya ya hau kansa, kuɗin ƙasar waje za a caje ka. ECOWAS ta yi dokar sauƙaƙa wannan tun 2017, Ghana da Kodebuwa suka fara aiki da ita a 2023. Yanzu Nijar ta fice daga ƙungiyar, ta yi nata tsarin da Mali da Burkina Faso. Bakatsine mai zuwa Maraɗi ya faɗa a tsakiya, sai dai ya riƙe sim biyu.

Don haka ni buƙatata uku ce. NCC ta ɗora wa duk kamfanin da aka ba izinin aro sharaɗin kafa ƙarafa a inda babu. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin irin waɗannan garuruwa, ya riƙa bayyana wa jama'a inda kuɗinsa ya tafi, gari bayan gari. Sannan Najeriya da Nijar su zauna su daidaita kuɗin kira a bakin iyaka, ko da ECOWAS ko babu ita. An ƙara mana kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, muna da haƙƙin tambaya.

Idan garinku yana cikin waɗanda har yau sai an hau tudu ake kira, ku rubuto sunansa da ƙaramar hukumarsa a ƙasa, ku kuma jawo hankalin ɗan majalisarku. Allah Ya sa mu dace.