Duwatsun Bakin Kwara da Taurarin da Ake Jingina Musu

Daga Koko zuwa Yelwa a tsakiyar Afrilu, zafi ne ke jan ragamar tafiya. Motocin albasa suna ta haurowa arewa, mu muna gangarawa kudu, ni da ɗan ƙanwata, ɗalibin jami'a da ya daɗe yana kallon bidiyoyin tsofaffin wuraren bauta na dutse a YouTube. Wani abokinsa ya turo masa hoton wasu duwatsu jere a zagaye a bakin tafkin Kainji, shi kuwa ya ƙudurta a ransa cewa mutanen da ne suka jera su don duban taurari. Ya nemi in raka shi, na amsa, don na san ƙasar, kuma ina son yaro ya ga abu da idonsa kafin ya yanke masa hukunci.

Mun tsaya shan ruwa a wani ƙauye cikin ƙasar Shanga daidai rana ta take tsaka. Na ce masa ya dubi ƙasa. Inuwarsa ta shige ƙarƙashin takalmansa, turken da aka ɗaure akuya ma ba shi da inuwa ko ta ɗan yatsa. A wannan yanki sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakar ka sak, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Na farkon yana zuwa ana jiran ruwa, na biyun damina ta nutsa. Duk wanda ya zauna a nan da turke a tsakar gidansa zai lura da haka ko bai taɓa riƙe alƙalami ba. Shi ya sa ban ɗauki tunanin yaron wauta ba. Mutanen da suka riga mu sun dubi sama, kuma sun fi mu dubanta. Tambayar ita ce ko sun rubuta abin da suka gani da dutse, da kuma yadda mu za mu tabbatar.

Ƙasar Shanga na da wani abu da ke damuna duk sanda na ratsa ta. Harshen Shangawa ɗan'uwan Busanci da Kyanganci ne, daga zuriyar harsunan Mande, amma yau ƙauyuka kaɗan suka rage da ake jin sa a bakin yara. Hausa ta shanye saura. Duk sunan da kakanninsu suka raɗa wa wata tauraruwa, da wannan harshe suka raɗa shi.

Yelwa ta karɓe mu da warin kifi da ƙamshin albasa. A kwata ana sauke kwandunan warangi, ana banda tarwaɗa da kurungu, mata suna ciniki da murya sama. Ruwan da ke gaban mutum a nan kogin Kwara ne da madatsar Kainji ta tokare. An fara ginin a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 135. Mutane kusan 44,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, mafi yawan tsibirin Foge ya bi ta, haka gungu bayan gungu na Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe.

Kafin ruwan ya rufe ƙasar, an yi rige-rigen ceto abin da za a iya cetowa. Wani masani mai suna Robert Soper ya zaga yankin yana sa wa tuddan tsofaffin garuruwa lamba. Ɗaya daga cikinsu kusa da Yelwa har yau da lambar da ta ɗauki haruffan sunansa aka san shi, RS 63/32. Da aka tone shi, kamar yadda rahoton A. J. Priddy na 1970 ya nuna, an sami tukwane, da kayan ƙarfe, da ƙananan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Gwajin kabon ya sa zaman wurin tsakanin ƙarni na 2 da na 7 Miladiyya. Donald Hartle ma ya yi tono a yankin, David Breternitz na Jami'ar Kolorado ya zo da tawagarsa a 1968. Abin da ƙasar nan ta ba su ke nan: tuddai, kaburbura, tsingaro, kashin maƙera, duwatsun niƙa. Gadon mutane ne masu noma da su da ƙira, waɗanda suka zauna a bakin wannan kogi tun kafin a ji sunan Birnin Yauri.

Wani dattijo Bagunge ne ya ɗauke mu a kwalekwale zuwa wurin da aka ɗauki hoton. Ruwa ya fara ja baya, ya bar faffadan laka da ta tsage, a bayanta kuma tudu. Duwatsun suna nan kamar yadda hoto ya nuna, baƙaƙe, kowanne bai fi kan mutum girma ba, an jera su a zagaye, ɗaya a tsakiya, faɗin duka bai wuce taku uku ba. Akwai wasu zagaye irinsa nan da can, ciyawa ta cinye rabinsu. Tsakaninsu tsingaro ne birjik, wasu da zanen igiya a jiki, ga kuma wani dutsen niƙa da cikinsa ya rarake har ya kusa hujewa.

Yaron ya durƙusa, ya buɗe kamfas ɗin wayarsa, ya daidaita dutsen tsakiya da wani na gefe. Murya na rawa ya ce, "Kawu, wannan gabas yake kallo sak." Dattijon ya jingina da sandar tuƙinsa ya ce, "Ɗana, gindin rumbu ne. A kan waɗannan ake ɗora shi don gara da danshi. Na tsakiyan shi ke ɗaukar nauyi. Wancan na gidan ƙanen ubana ne, ina yaro na sha hawa ɗebo gero." Sai ya bi da hannu yana nuna mana inda ɗakuna suke, inda turmi yake, da hanyar da mata ke bi zuwa ruwa.

Yaron ya yi shiru, na ga jikinsa ya yi sanyi. Ban bar maganar ta mutu a nan ba, don abin da ya same shi ya sami manyan masana. Muka zauna a inuwar wata kanya na ce ya ƙirga. In kana da duwatsu 12 a zagaye, ka ja layi daga kowanne zuwa kowanne, layi 66 za ka samu, kowane layi kuma yana nuna gefe biyu, wato fuska 132. Zagayen sararin sama digiri 360 ne. Ke nan duk ƙasa da digiri 3 akwai layin da ke nuna wurin. Ba tauraron da zai fito bai dace da wani layi ba. Ƙari a kan haka, mafitar taurari tana gushewa a hankali, a wani juyi da ke ɗaukar shekara wajen 26,000, don haka wanda bai san shekarun dutse ba yana iya zaɓar zamanin da lissafinsa zai yi daidai, ya ce ya gano sirri.

A 1965 Gerald Hawkins ya fitar da littafi kan Stonehenge na Ingila, ya ce ya ba kwamfuta lissafin, ya kuma yi da'awar cewa ramuka 56 da ke zagaye da wurin na'urar hasashen husufi ce. Shekara ta zagayo Richard Atkinson, wanda ya tone wurin da hannunsa, ya warware yawancin hujjojin. A 2017 wasu masu bincike biyu suka ce dabbobin da aka sassaƙa a wani ginshiƙi na Gobekli Tepe a Turkiyya taswirar taurari ce mai ba da labarin faɗowar tauraruwa mai wutsiya, masu tonon wurin suka ƙi amincewa. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Namoratunga a gefen tafkin Turkana na Kenya. A 1978 Mark Lynch da Lawrence Robbins suka ce ginshiƙan dutse 19 na wurin suna nuna mafitar taurari bakwai na kalandar ƙabilar Borana. Wanda ya koma ya sake aunawa, ya wallafa a 1982 cewa awon farko akwai kuskure, har da yadda maganaɗisun duwatsun ke karkatar da allurar kamfas, shi ne Robert Soper, mutumin da ya taka wannan gaɓar tamu shekaru kusan ashirin kafin nan. Na ji daɗin gaya wa yaron haka a kan ƙasar da Soper ya taka.

Wannan ba ya nufin duk maganar banza ce. Cewa Stonehenge na fuskantar fitowar rana a ranar da ta fi tsawo a shekara abu ne da kowa ke iya zuwa ya gani. Zagayen duwatsun Nabta Playa a hamadar kudancin Masar, mai shekara wajen 7,000, masana da yawa na ɗaukarsa da muhimmanci. Abin da ya bambanta su shi ne an tona, an san shekaru, an auna da kayan awo na gaskiya. Zagayen duwatsun Wassu a Gambiya da Sine Ngayene a Senigal kuwa, da UNESCO ta sa a jerinta a 2006, da aka tona su kaburbura aka tarar.

Mun kwana a tungar dattijon. Bayan magariba ya nuna mana yamma, can ƙasa kusa da ruwa, inda Kaza da 'Ya'yanta ke ƙyalli da ƙyar. Ya ce, "Kun gan ta? Ta kusa faɗuwa. In ta ɓace, mai gona ya gyara fartanya. Sai ta sake fitowa da asuba, shuka ta riga ta kama." Limamin tungar ya zo ya zauna, shi kuma da lissafin malamai ya zo: masaukan wata 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Ya jero su da ka, Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, yana faɗin wanda ake shuka a cikinsa da wanda ruwa ke nauyi. Surayya ita ce Kazar da dattijon ya nuna. Sai dattijon ya ɗora da nasa na ruwa: farin ruwa mai laka da ke zuwa da damina, da baƙin ruwa garai-garai da ke isowa cikin hunturu bayan ya yi watanni a hanya daga tsaunukan Gini. Da waɗannan biyun ake sanin lokacin dashen albasa da lokacin da kifi ke hawa. Ga ilmin sama da na ƙasa a zaune a tabarma ɗaya, kuma ko dutse ɗaya ba a kafa dominsa ba. Yaron ya roƙi izini ya ɗauki muryoyinsu. Da ya tambayi sunayen da Tsureshe, harshen Gungawa, sai da aka aika aka kira wata tsohuwa, jikokinta na gefe suna saurare kamar baƙi.

Birnin Yauri, tsohuwar fadar masarautar, tana cikin Ngaski, tafiyar mintuna kaɗan daga Yelwa a hanyar Kwantagora. Ganuwar da Richard da John Lander suka gani a 1830, lokacin da suka zo neman takardun Mungo Park, yanzu doguwar kunya ce da gonaki suka hau. Sarauta ta koma Yelwa tun 1888. A nan ne maganar Kisra ta taso, don wani malamin makaranta da muka haɗu da shi ya ce duk tsohon gini a yankin nan aikin mutanen Kisra ne. Labarin Kisra gadon Bargu ne na gaske, sarakunan Busa da Illo da Nikki suna jingina asalinsu gare shi, kuma ya cancanci a saurare shi da ladabi. Amma Bajamushen nan Leo Frobenius ya ɗauke shi ya ɗaura wa Kisran Farisa, shi ne kuma ya je Ife a 1910, ya ga kyawun sassaƙarsu, ya ce ragowar Atlantis ce. Abin da ke ƙona mini rai a irin wannan fassara shi ne kullum tana ƙwace aikin daga hannun masu shi, ta miƙa wa wani baƙo daga nesa. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, hanya dabam ya bi. Ya zauna da dattawa, ya bi takardu, ya rubuta tarihin Yauri na ƙarni na 19, sannan a 1978 ya fitar da littafinsa kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Na gaya wa ɗan ƙanwata in yana neman wanda zai yi koyi da shi, ga na gida.

Zuwa Wara hanya ta ba mu wuya, kuma direbanmu bai yarda mu kai yamma ba, don tun sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 kowa ke kaffa-kaffa. A kwatar Wara masu jirgi suka nuna mana kawunan kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968, waɗanda ke fasa cikin jirgi in ruwa ya ja. Ba wanda ya manta jirgin da ya nutse a nan a Mayun 2021 da mutane masu yawa.

A hanyar dawowa muka tsaya wurin masu haƙar zinariya. Ramuka ne kusa da kusa, samari suna fito da ƙasa a buhu, injin niƙa na ta ƙara. A cikin tarin ƙasar da suka zubar yaron ya tsinci bakin tukunya mai irin zanen igiyar da muka gani a tudu. Ya nuna wa ɗaya daga cikinsu, ya ce masa, "Irin wannan kullum muna fasa su, Malam, wani lokaci har da ƙashi." Ƙasar da aka juye haka da wuya ta sake ba da shekaru. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa suna da mutanen da suka iya wannan aiki, fadar Sarkin Yauri kuwa na da bakin da hakimai da masu unguwa za su ji. Daga Mayu zuwa Yuli ruwa na ƙasa, tuddai na fili, lokacin ne ya kamata a zo da kayan awo da na ɗaukar murya. Yaron ya rubuta sunan ƙauyen da inda ramin yake, ya ce zai kai wa shugaban sashensu idan an koma karatu.