Tudun da Aka Tara da Baraguzan Gidaje

A tashar jirgin ƙasa ta Grunewald, yamma da tsakiyar birnin Berlin, muka sauka muka shiga daji da ƙafa. Mun yi kamar rabin awa cikin itatuwa kafin hanya ta fara hawa. Berlin a shimfiɗe yake kamar faifai, shi ya sa tudu a nan yake jan ido. Sunan wannan Teufelsberg, wato Dutsen Shaiɗan, kuma ƙololuwarsa tana mita 120 sama da teku.

Ɗan Kano zai tuna da Dala. Sai dai Dala halittar Allah ce, wannan kuwa motocin tifa ne suka tara shi. A gefen hanya, inda ruwan sama ya zaizaye ƙasa, mun tsinci guntayen jan bulo da fasassun tayil. A kan ɗakunan kwanan mutane da madafansu muke takawa.

A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Birtaniya da Amurka sun yi shekaru suna yi wa birnin ruwan bama-bamai. A watan Afrilun 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo, aka gwabza lungu-lungu har birnin ya miƙa wuya ranar 2 ga Mayu. Fiye da gidaje rabin miliyan sun rushe. Maza da yawa sun mutu, wasu suna tsare a sansanonin fursunonin yaƙi, don haka mata da dama suka fito kwasar baraguzai. Sai su jeru, bokiti na wucewa daga hannu zuwa hannu, wasu kuma na ƙanƙare busasshen siminti daga jikin bulo da guduma don a sake gini da shi. Abin da ya fito da su katin rabon abinci ne, domin mai aikin ƙarfi ya fi samun kaso. Sanyi da yunwa suka sa aka sassare itatuwan babban lambun Tiergarten aka yi makamashi, aka shuka dankali a gurbinsu. Abin da bai moru ba shi aka riƙa jibgewa a nan daga 1950 zuwa 1972, har ya kai kimanin mita miliyan 26 na tsawo da faɗi da zurfi. A can ƙarƙashin tudun akwai ginin kwalejin fasahar yaƙi da Hitila ya aza harsashinta a 1937, wadda ba a taɓa kammalawa ba.

Da muka sauko tashar da yamma, tausayi ya cika mana ciki. Sai muka bi wata matakala zuwa layin dogo mai lamba 17, inda jirgi ba ya tsayawa yanzu. An shimfiɗa farantan ƙarfe a bakinsa, kowane da kwanan wata, da yawan mutane, da wurin da aka kai su. Daga nan aka fara kwashe Yahudawan Berlin a watan Oktoban 1941 zuwa inda aka hallaka mafi yawansu. Tsakanin wannan layi da tudun tafiyar ƙafa ce kawai. A ganinmu, wanda ya hau tudun bai tsaya a nan ba ya ji rabin labari ne, domin Jamus ce ta kunna wutar da ta afka wa Polan a 1939, kuma ta ƙone maƙwabta kafin ta dawo gida.

Washegari muka nufi kudu, kusan awa ɗaya a jirgi, zuwa ƙauyen Halbe. A dazuzzukan nan ne sojojin Sobiyet suka yi wa Runduna ta Tara ta Jamus ƙawanya a ƙarshen Afrilun 1945. Ba sojoji kaɗai ne a ciki ba. Mata da yara da tsofaffi masu gudun hijira sun bi su da amalanke, suna fatan tsallakewa yamma, aka yi ta luguden wuta a kansu gaba ɗaya. Da farko a bakin hanya da cikin lambuna aka binne gawarwaki. A 1951 aka fara tattara su wuri guda, wani fasto mai suna Ernst Teichmann ya sadaukar da shekarunsa wajen gano sunayensu. Yau fiye da mutum 20,000 ke kwance a wannan maƙabarta.

Ba wani ado. Ƙananan alluna ne a ƙasa tsakanin itatuwa, da yawa kalma ɗaya ce a kansu, Unbekannt, wato ba a san shi ba. Masu suna kuwa akwai shekarar haihuwa. Muka tsaya muna lissafi: 1927, 1928. Ku ma ku cire daga 1945. Tun 1943 gwamnatin Hitila ta fara ɗebo ɗaliban sakandare 'yan shekara 15 zuwa 17, aji guda a lokaci ɗaya, don su taya harba bindigogin kakkaɓo jirage, malami na zuwa ya yi musu darasi kusa da bindigar. A ƙarshen 1944 aka kira duk namiji daga shekara 16 zuwa 60. Waɗansu daga cikin yaran nan sun yi imani da abin da aka cusa musu tun suna firamare, waɗansu tsoro ne ya kawo su, domin mai gudu ana rataye shi. Shugabannin sun san yaƙin ya riga ya ƙare musu, amma suka ci gaba da turo su.

Maƙabartar ba ta rufe ba har yanzu. Masu aikin daji da masu tonon hanya suna cin karo da ƙasusuwa, wani lokaci tare da 'yar tasgar ƙarfe mai lamba da soja ke ratayawa a wuya. Wata ƙungiyar kula da kaburburan yaƙi da aka kafa a 1919 ce ke tattara su a ƙananan akwatuna. In lambar ta karantu, sai a nemi dangi a rubuta musu wasiƙa, sau da yawa jika ko ɗan ƙani ne ke karɓa.