Yadda Fensir Ya Yi Kuka A Ɗakina

Jama'ar Zango, ina so in yi muku bayanin ƙarar nan da maƙwabta suka riƙa ji daga ɗakina, har waɗansu suka ce akawu ya ajiye alƙalami ya zama makaɗi.

Asalin abin shi ne, yaron gidana ya ce zai bar makaranta, wai darasin lantarki ya gagare shi, gara ya tafi kasuwar Kejetiya ya kama talla. Na yi faɗa, faɗa bai yi magani ba. Sa'an nan na tuna gani ya kori ji.

Na je wurin wani mai gyaran rediyo, na sayo batir mai bolt 9, da ƙaramar lasifika, da rezista, da kafasita, da wani ɗan baƙin guntu mai ƙafa 8 da ake kira 555, wanda Hans Camenzind ya tsara cikin 1971. Aikinsa shi ne ya bar kafasita ta cika da wuta, ya zubar, ta sake cika, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Wannan kai da komo shi ne sautin da lasifika ke fitarwa. In ya yi sau 440, ya ba da muryar da Turawa ke daidaita kayan kiɗansu da ita.

Muka goga layi mai kauri a takarda da fensir mai taushi, domin bakin fensir yana ɗaukar wuta, amma da ƙyar. Waya ɗaya a farkon layi, ɗayar a hannu. In ka kusanto da su, murya ta yi sama. In ka nisanta, ta yi ƙasa. Watau kamar kalangu, in an matse tsarkiya ya yi zaƙi, in an saki ya yi kauri.

Amma daren farko ko uffan bai ce ba. Guntun ya yi zafi ya ƙone, ni kuwa ina ta zargin mai shago. Kashegari na sayo wani. Yaron ya duba zane, ya ce, "Baba, akwai 'yar alama wajen ƙafa ta farko, jiya kun juya ta baya." Kunya ta kama ni, gama gaskiyarsa. Na miƙa masa, ya haɗa da hannunsa. Da waya ta taɓa layi, sai fensir ya yi kuka, uwarsa ta fito da gudu daga madafa.

Tun ranar bai sake zancen Kejetiya ba, ko da yake ban sani ba ko zai ci jarrabawa.

Wanda zai gwada, ya tsaya kan batir, kada ya kusanci wutar bango, tana kisa. Masu ce mini makaɗi kuwa, ƙofa a buɗe take bayan la'asar, su zo da 'ya'yansu. Wasalam.