"Ubangiji ya nuna mini wani abu a kanki"

To, tunda maza sun fita, ku matso mu yi maganar nan da muke ta kewaye-kewaye a kanta. Wace ce a cikinmu ba a taɓa jan hannunta bayan sujada an ce mata, "'Yar'uwa, Ubangiji ya nuna mini wani abu a kanki" ba? Nan take gaba ya faɗi. In kin ce amin, kina tsoron ɗaukar kayan da ba naki ba. In kin yi shiru, kina tsoron kin juya wa Allah baya.

Mu 'yan Maiduguri mun sha wannan. Ku tuna shekarun tashin bam, kafin a yanke layukan waya a 2013. Goggo ta kira daga Jos, ƙanwa ta kira daga Yola: na yi mafarki, ki kwashe yara ki fito yau. Wasu sun fita, Allah ya tsare su. Wasu sun zauna a Wulari da Bulumkutu, su ne kuma suka shimfiɗa tabarmi ga mutanen Gwoza da Bama sa'ad da garuruwan suka faɗi a 2014. Wa zai ce waɗanda suka zauna kunnen ƙashi suka yi?

Abin da ya kwantar mini da hankali yana Ayyukan Manzanni sura 21. Bulus na gidan Filibus a Kaisariya, sai Agabus ya zo daga Yahudiya, ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure nasa hannuwan da ƙafafun da ita, ya ce haka za a yi wa mai ɗamarar a Urushalima. Haka kuwa aka yi, an kama Bulus. Amma ku duba da kyau, Agabus bai ce kada ya je ba. Abokai ne, har da marubucin littafin, suka sa kuka suna roƙonsa ya fasa. Bulus ya karɓi saƙon, ya ajiye shawarar, ya kama hanya. Goggon Jos ta ga haɗari, gaskiyarta. "Ki fito yau" ɗin kuwa wataƙila ƙauna ce ta ƙara gishiri, kuma wannan sashen ke ce za ki kai gaban Allah da gwiwarki.

Bishop Oliver Dashe Doeme na Katolika ya faɗa a 2015 cewa ya ga Yesu ya miƙa masa takobi, da ya karɓa sai ya zama carbi. Mu a cocin EYN ba ma jan carbi, ban kuma ce ku fara ba. Na dai lura addu'a ya kira mutane su yi. Ku gwada da masu annabcin da saƙonsu kullum ke ƙarewa a lambar asusun banki, ko a ce uwar mijinki ce ke cin ki. Irin wannan, ki ce masa, "Na ji, mu je ka maimaita gaban Baba Fasto da dattawa." Yawancinsu ba sa dawowa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne saƙon da ba ya zuwa da "Allah ya ce." Na'aman, babban hafsan Suriya, daga bakin yarinyar da ke yi wa matarsa hidima ya ji labarin Elisha. Daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, maƙwabta ne suka yi ta buga ƙofofi, Musulmi da Kirista, babu mai tambayar wani addininsa. Wannan mun ji da sauri, domin ruwa ne. To, ranar da 'yarki ta ce, "Mama, yadda kike yi wa yarinyar aiki magana bai dace ba" fa? Kada ku kalle ni haka.